Maganin hana furotin narkewa: abin da muke sayarwa a Garwa

Duk wanda ya taɓa fasa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa da zarar sun fashe, enzayim masu yanka furotin ke kama aiki, kuma a zafin Garwa ba sa jira. Sana'armu ita ce kawo sinadaran da ke ɗaure musu hannu, mu kai su hannun mai bincike da ransu.

PMSF, sinadarin da ke tsayar da enzayim na rukunin serin, shi aka fi nema saboda araha, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Ba ya zama a ruwa: a pH 8 (pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa) rabinsa yakan mutu cikin kamar minti 35, a pH 7 kuwa kusan awa biyu. Saboda haka ake narkar da shi a isofurofanol (wani nau'in alkohol) marar ruwa, a ƙarfin milimola 100 a kowace lita, a ajiye a firiza, sai lokacin fasa ƙwayoyin ya yi a ɗiga shi har ya kai milimola 1. Wanda ya zuba shi a ruwan haɗi tun da safe ya zo aiki da la'asar, ruwa kawai ya zuba. Guba ne kuma, ba a auna garinsa sai da safar hannu. Mai son abin da ke jure ruwa, AEBSF muke ba shi, ko da yake ya fi tsada.

PMSF kaɗai bai isa ba, domin enzayim masu yanka furotin rukuni-rukuni ne, kowanne da maganinsa. Pepstatin A na masu aspartik ne irin su katepsin D, E-64 na masu sistin, leupeptin yana taɓa serin da sistin. EDTA yana kama enzayim masu aiki da ƙarfe, amma in za ka tace furotin da nikel ka bar shi, zai kwashe maka nikel ɗin.

Ga ƙwayoyin da ke raye a kwano, MG-132 ne ke tsayar da furotiyasom, wato injin da ke rushe furotin a cikin ƙwaya, DAPT kuma wani enzayim mai suna gamma-sikiretes. Muna shawartar haɗin milimola 10 a DMSO, ruwan sinadarin da ake narkar da su a ciki: maikurolita 1 a mililita 1 ya ba ka maikuromola 10, DMSO kuma bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. A rarraba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko, domin daskarewa da narkewa sau da yawa na cinye ƙarfinsa. In ka fito da kwalba daga firiza, kada ka buɗe sai ta huce sanyi, musamman da damina, don DMSO mai shan laima ne.

Wahalar tana hanya. Kaya ya sauka Duwala, ya bi ta Ngaundere, sannan mota ta kawo shi nan, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Kowane akwati namu da ma'aunin zafi a ciki, firizarmu kuma na kan hasken rana saboda ɗauke wuta. Sai ga wani ya zo da kwalba marar lambar rukuni, marar takardar tantancewa, a rabin kuɗi, a ce mu rage. Garin da ya lalace fari ne fat kamar mai kyau, ido ba ya rabe su. Sai ɗalibi ya ɓata wata guda da samfurin da ba zai sake samu ba kafin a gane.

Masu odar Marwa da Injamena su faɗa mana da wuri, don mu haɗa ƙanƙara mu aika farkon mako, kada kaya ya kwana a tasha ranar Lahadi.