Daga Maraɗi zuwa Rigasa da yara uku

A Maraɗi ban taɓa zama ina tunanin abin da zan yi wa yara don su ji daɗi ba. Gidanmu gidan yawa ne. Yaro ya karya a ɗakin kaka, ya sha fura wajen gwaggo, ya kwana inda barci ya ɗauke shi. Da maigida ya ɗauko mu zuwa Kaduna, inda yake harkar albasa, sai ga ni a ciki da falo a Rigasa, ni da yara uku, babu mai cewa "kawo su in riƙe miki."

Mutane na ganin ɗan Nijar ba baƙo ba ne a nan, tunda harshe ɗaya, addini ɗaya. Haka ne, sai ranar da ka shiga kasuwa kana auna naira da sefa, ko makaranta ta aiko takarda da Ingilishi, kai kuwa Faransanci ka ɗan taɓa. A 2023 baƙuncin ya fito fili. A watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin Keke Napep ya tashi. A Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Hutun da muka sa rai za mu yi a gida ya bi ruwa, kuɗin kai yara wuraren wasa na masu hali kuwa babu shi.

Jirgin ƙasa ne ya fara cetonmu. Tashar jirgin Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, a unguwarmu take. Da la'asar sai in goya auta, in riƙo hannun biyun, mu taka zuwa inda ake hango layin dogo. Ba sisi muke kashewa ba, sai dai gyaɗa ko rake. Babban yana ƙirga taragai, ƙanwarsa tana ɗaga wa mutanen da ba su san tana yi ba hannu. Ni ma, in faɗi gaskiya, kallon nake, don Maraɗi ba ta da jirgi. An dai aza tubalin layin da zai taso daga Kano ya bi Katsina ya isa can a 2021, kuma yarona ya riga ya yanke hukunci shi zai tuƙa mu gida.

Ranar da aljihu ya ɗan yi nauyi, Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawa a bakin Kogin Kaduna, muke zuwa da dafa-dukarmu a kula da zoɓo a gora. Akwai tsohuwar gadar ƙarfe ta zamanin Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, amma ruwan ne ya fi ɗaukar hankalinsu. Gulbin Maraɗi da suka sani yashi ne zalla da rani. Kogin Kaduna kuwa bai ƙafewa, har yarinyar ta tambaye ni wa yake ƙara masa ruwa.

Sai damina. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, shinge ya rufe ƙwan lantarkin tsakar gida, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Zazzau, ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, fito da jikokina, ki zo da roba da ruwa." Yaran gidan duka suka fito, ana tsalle ana kamawa, aka soya da gishiri da yaji. Tun ranar suke ce mata Inna, ita kuma takan tsare su da tatsuniyar Gizo in an ɗauke wuta, wanda ba abin mamaki ba ne a unguwarmu.

Kakarsu ta Maraɗi da ta ji labari ta WhatsApp sai kishi ya motsa. Yanzu duk Juma'a takan turo tata tatsuniyar a saƙon murya, ta kuma aiko da soyayyar fara ta hannun direbobin albasa, wai kada a saba wa jikokinta da shinge. Yaran suna cin duka biyun, kuma sun koyi gaya wa kowace tsohuwa cewa nata ya fi daɗi.