Shirun Agu

Laraba. An kawo wuta bayan la'asar, sai muka sa Beasts of No Nation, wanda Cary Fukunaga ya ɗauka a Ghana, ya fito a 2015. Ni kallo na uku ke nan, Auwalu kuwa yau ya fara ganinsa.

Ana gamawa ya ce, "Yaya, Idris Elba ne ya yi aiki. Yaron nan ai shiru kawai yake yi." Har yanzu maganar tana ci mini rai.

Shirun nan gina shi aka yi, daki-daki. Da farko bakin Agu, yaron da yaƙi ya mayar soja a fim ɗin, ba ya rufuwa: yana tallar ƙwangwamin talabijin marar gilashi, abokansa na wasa ta cikin ramin, kafaɗa a sake, ido na yawo. Da aka harbe mahaifinsa da yayansa, dariyar ce ta fara tafiya. Bayan Kwamanda, shugaban mayaƙan da Idris Elba ya fito a matsayinsa, ya miƙa masa adda, Agu ya sare mutumin da ke durƙushe yana roƙo, ido ya daina yawo. Lokacin da ya goya abokinsa Strika da aka harba, tafiyarsa ta zama ta tsoho. Kowane bala'i abu ɗaya yake ɗauke masa, ba ya kuma dawowa.

Wahalar ita ce ba a jere ake ɗaukar fim ba. Sai a yi fitowa ta 60 da safe, ta 8 da yamma. Dole darakta ya rubuta a gefen kowace fitowa inda jarumi ya kai: me ya riga ya gani, me ya rasa, yaya muryarsa. In ba a yi haka ba, sai jarumi ya ƙure kuka tun a fitowa ta biyu, ranar mutuwar babu abin da ya rage masa. Mai tace hoto ba ya iya gyara wannan.

Abraham Attah, yaron da ya fito a Agu, bai taɓa fim ba kafin wannan, amma ya karɓi kyautar Marcello Mastroianni ta sababbin jarumai a bikin fina-finai na Venice. Na faɗa wa Auwalu, ya ce ai tausayi ne. Ban tanka ba.

Tuwon Inna ya huce a kwano. Na rufe.

Fitowar ƙarshe-ƙarshen nan, Agu yana zaune gaban matar da ke lallaɓa shi ya yi magana, yaro ƙarami da idon dattijo. Fitowar nan ce ta hana ni barci.