Fes da zafin Gusau ba sa shiri

A Gusau muke, kuma aikinmu haɗa fanel, wato allon da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kansa, da gyaransa: na inbata, na cajin sola, na fitilun kan titi, har da na waya idan masu gyara sun kai maƙura suka turo mana. Baƙo in ya hango ƙaramin firij a lungun shago sai ya zaci ruwan sanyi ne. Fes muke ajiyewa a ciki, wanda da shi muke liƙa kaya a kan fanel.

Fes garin kuza da dalma ne mai laushi, an kwaɓa shi da fulos, man nan da ke cinye dattin ƙarfe don liƙi ya kama. Masu yinsa sun ce a ajiye shi ƙasa da digiri 10. To, a watan Afrilu garin nan yana haura 40. Gwangwani zai taso daga Legas a bayan mota, ya kwana a tasha, ya yi watanni a kanta ƙarƙashin rufin kwano. Kana buɗewa ka ga man ya taso sama, garin ya dunƙule a ƙasa. Dillali kuwa ya dafa ƙirji: "Wallahi Alhaji jiya aka sauke shi." Ka duba inda aka buga ranar lalacewa, an kankare. Ni a gabansu nake gwadawa. In ɗiga kaɗan a kan jan ƙarfe, in hura masa zafi. Mai kyau zai tattaru wuri guda yana ƙyalli, mataccen kuwa sai ya watse ya bar tsaki-tsaki.

Firij ɗin ma da ƙa'idarsa. In an fito da gwangwani, sai ya yi kamar awa huɗu a rufe kafin a taɓa murfin. Wanda ya yi gaggawa, raɓa za ta sauka a kai, ta tafasa lokacin gashi, ta fallatsa 'yan ƙwallayen dalma ƙarƙashin aisi, ɗan kayan nan mai ƙafafu da yawa da ke kan fanel, inda ido ba ya kaiwa. Fanel ya yi aiki yau, jibi ya ƙone. A hunturu kuma ƙura ce ke toshe ramukan farantin shafa fes, iskar tana busar da shi tun ba ka gama jera kaya ba.

Gashin shi ne inda ake gane gwani. Haɗin kuza kashi 63 da dalma kashi 37 cikin ɗari yana narkewa a digiri 183. Marar dalma, wanda ya cika kayan zamani tun da dokar Tarayyar Turai ta taƙaita dalma ta fara aiki a 2006, sai wajen 217. Amma ba a afka wa fanel da wuta. A ɗumama shi a hankali zuwa wajen 150, a bar shi ya daidaita, sannan a ƙara. In gefe ɗaya ya riga narkewa, zai janyo ɗan ƙaramin kayan ya miƙe tsaye a kan ƙafa guda. In fes ya yi yawa, ƙafa biyu su haɗe.

Maigidan da ya koya mini mai gyaran rediyo ne, mahaifinsa kuma maƙerin farin ƙarfe, da gawayi yake gasa ƙarfen liƙinsa. Kullum maganarsa guda: "Yaro, ƙafar ake gasawa, ita za ta kira dalma." In ka ɗora masa curi a kan ƙafa mai sanyi, da farce zai ɓamɓare shi ya ajiye maka a tafin hannu, ba ya cewa uffan. Ya fi duka ciwo.

Abin da ke ƙona mini rai yanzu shi ne masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Sun gano wani fes mai narkewa a digiri 138, suna shafa shi ko'ina saboda sauri. Yana da gautsi kamar busasshen kara, kuma in ya gauraya da tsohuwar dalmar da ke kan fanel, ƙasa da digiri 100 ma sai ya saki. Inbata da ke ɗaki a bazara, wane zafi ne ba ta gani? Sai mai kaya ya zo yana cewa wancan rabin kuɗina ya karɓa. Na yarda. Shi ya sa ka dawo.

Mu 'yan Zamfara ba a ba mu labarin dalma. Gubarta ta kashe yara sama da 400 a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum, sanadin niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Don haka ba a cin abinci a kan teburin aikina, kowane yaro sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya tafi gida, guntayen dalma kuma gwangwaninsu daban. Hayaƙin da ke tashi na fulos ne, shi ma yana kama ƙirji, akwai fanka mai zuƙe shi waje.

Mai kawo fanel, don Allah ya faɗa mana gaskiya in wani ya riga ya sa masa hannu. Sai mun kwashe tsohon liƙin tas kafin mu zuba namu, kuma wannan kuɗinsa daban ne.