Abin da janareta da inbata suka koya mini a hunturu

Gidana yana bayan garin Katsina ta hanyar Batsari, a sabon fegi inda turakun wuta ba su iso ba tukuna. Da aka cire tallafin fetur a 2023, na tattara ɗan abin da ke hannuna na sa sola: inbata mai 5kVA da batir huɗu masu ruwa, kowanne amfiya 200, an jera su sun ba da bolt 48. Na sha iskar fanka ina yi wa maƙwabta dariya, har hunturu ya shigo. Hazo ya rufe gari kwana da kwanaki, ƙura ta kwanta a kan fanel kamar an barbaɗa garin gero, inbata ta fara tsuwa tun kafin a kira isha'i.

Sai na tuna da tsohon janaretana mai rubutun 2.5kVA a jikin tanki. Na jona shi a mashigar wutar inbata, na ja igiya, ya tashi lafiya lau. Jim kaɗan na ji ƙas a cikin inbata, inji ya yi nishi irin na jakin da aka yi wa lodin buhu uku, ƙwan fitila ya dushe. Wani ƙas ɗin kuma, ta sake shi, ya zabura da gudu. Haka suka yi ta kama-saki har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko dai in nemo aci-balbal?"

Ƙannena, a nan na tafka wautar da nake so ku kiyaye. Na ɗauko sukundireba na murɗa kusar da ke ƙara wa inji gudu, wai ƙarfi ne ya yi masa kaɗan. Ban san cewa irin wannan janareta an saita shi ya juya sau 3,000 a minti ba ne domin ya ba da 50Hz, ma'aunin wutar Najeriya. Ka ƙara gudu, ma'aunin ya haura, inbata kuwa mai tsantseni ce, ba ta karɓar wutar da ta fita daga iyakarta. Daga kama-saki sai ta daina kamawa gaba ɗaya. Cikin mako guda AVR, wato abin da ke daidaita bolt ɗin janareta, ya ƙone. Na sayi sabo, na kuma fara tambayar kuɗin wata inbatar, don na riga na yanke hukunci jabu aka sayar mini.

Wani yaro mai aikin sola, wanda a haife na haife shi, shi ya cece ni. Da farko bai ko taɓa janaretan ba. Ya tsuguna gaban inbata yana danna maɓallai, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, kayanka ba su da laifi. Zo ka ga lamba." An bar cajin batir a kan amfiya 60. Ya yi mini lissafi a bayan kwalin ashana: lokacin caji batiran kan kai bolt 56, ka ninka da 60, ya haura wat 3,300. Janaretan da ake kira 2.5kVA kuwa, abin da zai iya ɗauka na gaskiya bai wuce wat 2,000 ba, kuma zafi da ƙurar da ta toshe masa matatar iska suna ƙara rage shi. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba: da zarar inbata ta karɓi wutar janareta, firji da fanka da talabijin duk sun koma wuyansa, ga cajin batir a kai. Kaya biyu ne a kan jaki ɗaya.

Ya sauke cajin zuwa amfiya 20, kusan wat 1,100 ke nan, wanda dama shi ne daidai cikin batir mai ruwa na amfiya 200, kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Ya sauya saitin mashigar wuta daga UPS zuwa APL, wato tsari biyu da inbata ke karɓar wuta da su. A irin inbatata UPS ba ta karɓar abin da ya gaza bolt 170, APL kuwa tana haƙuri har zuwa 90, don haka ɗan tangal-tangal na inji ba ya sa ta saki. Ya maido da kusar da na murɗa yana kallon mita har ta zauna kusa da 50. Muka tayar, ƙas ɗaya tak, inji ya ɗan sauya murya ya ci gaba da aikinsa. Kuɗin kati kawai ya karɓa, kunya ta hana ni kallon idonsa.

Sauran kuskuren ƙanana ne amma sun ci kuɗi. Nakan bar inji yana aiki har mai ya ƙare masa, yana shaƙewa yana farfaɗowa, wuta na hawa da sauka a cikin kayan gida. Yanzu sai ya yi minti biyu yana ɗumi kafin in ɗaga bireka, kuma sai na sauke bireka kafin in kashe shi. Nakan kuma nace sai batir ya cika taf. Ashe batir mai ruwa in ya kusa cika a hankali yake shan wuta, awanni ana ƙona fetur don ɗan abin da ya rage, alhali ranar gobe za ta ƙarasa shi kyauta.

Abu biyu ne Allah ya tsare ni ban yi ba, ku ma kada ku kuskura. Kada wayar janareta ta taɓa mafitar inbata, wajen da ke ba gida wuta, allon cikinta zai iya ƙonewa nan take. Kada kuma tsoron ɓarayi ya sa ku kwana da inji a zaure ko kusa da tagar ɗaki. Iskar guba da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Hunturun bana awa biyu nake tayar da shi bayan magariba, in hazo ya yi kauri. Da asuba kuma babban ɗana ya hau tsani da tsumma da bokitin ruwa ya goge fanel kafin ya tafi makaranta.