Giyar jirgi tana sauka tare da fasinja

Abu na farko da ya kamata ma'aikacin jirgin sama ya sani game da barasa shi ne dokar wace ƙasa ce ke aiki a cikin jirgi. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba ƙasar da jirgi ya yi rajista hurumin shari'a kan abin da ya faru yana sama. Shi ya sa jirgin Ingila da ya nufi Riyad zai iya raba giya bayan tashi ba tare da ya karya doka ba. To amma wannan inuwa iyakarta ƙofar jirgi. Fasinja na taka ƙasa dokar garin ta hau kansa, alhali abin da ya sha yana nan a jininsa.

A nan lissafi ya shigo, kuma ba kowa ke yin sa ba. 'Yar kwalbar wiski da ake bayarwa mililita 50 ce, kashi 40 cikin ɗari barasa, wato kusan giram 16. Hantar babban mutum kuwa wajen giram 8 take iya sarrafawa a awa. Kwalba ɗaya awa biyu ke nan, uku kuma awa shida. Tafiyar Landan zuwa Riyad ba ta cika awa bakwai ba. Wanda ya shanye uku bayan abinci zai isa gaban jami'in shige da fice da wari a bakinsa. Kofi ba ya hanzarta hanta, wanke fuska ma haka. Don haka ma'aikaci mai hankali daga lokacin sauka yake ƙirgowa baya kafin ya miƙa kwalba ta biyu.

Kuma ƙasashen ba kuɗin goro ake yi musu ba. Saudiyya da Kuwait da Iran sun hana barasa, kamfanoninsu na ƙasa ma ba sa raba ta. Daular Larabawa ta sassauta a 2020, amma maye a bainar jama'a laifi ne har yanzu, masarautar Sharja da ke cikinta ta hana kwata-kwata, kuma tuƙi da ko ɗigo ɗaya a jini laifi ne. Fasinjan da ya sha kofi biyu na giya, ya sauka Dubai garau, ya karɓi motar haya a filin jirgi, shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba.

Sai batun keken abin sha. Yarjejeniyar Chikago ta 1944 ta ɗauke harajin kwastan daga kayan jirgi muddin suna cikin jirgin. Kafin sauka ana ƙirga kwalabe, a kwashe kofuna, a kulle keke, a sa hatimi mai lamba, a rubuta lambar a takarda. Ƙananan abubuwa ke ɓata aikin: rabin kwalbar da aka manta a aljihun kicin, hatimin da lambarsa ta saɓa da ta takarda, ko 'yar kwalbar da fasinja ya cusa a jaka don tsaraba. Ta farko da ta biyu kamfani za a tambaya. Ta uku fasinja ne zai amsa, haka ma wadda ya saya a kantin filin jirgi, domin rufaffiyar leda ba ta halatta ta a Jidda.

Dokar jiragen Amurka ta fito ƙarara: ba a barin wanda ya nuna alamar maye ya hau, ba a ƙara masa, kuma ba ya shan tasa sai wadda kamfani ya ba shi. Wahalar tana wurin lura. Murya ta fara tashi, magana ɗaya sau uku, hannu yana laluben kofi. Irin wannan fasinja yakan nema wurin wannan ma'aikaci, ya koma wurin wancan, musamman lokacin da wasu suka tafi hutu. Maganin shi ne a faɗa wa juna lambar kujera da adadin da ya sha, a jinkirta, a kawo ruwa da abinci, a sanar da kyaftin da wuri. Tun 2020, lokacin da gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Tokyo a Mantiriyal a 2014 ya fara aiki, ƙasar da aka sauka, in ta amince da shi, tana da hurumin hukunta wanda ya tayar da rigima a sama.

Wanda aka kama a ƙasa kuwa da wuya ya samu diyya, domin Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999 hatsarin da ya jawo rauni ko mutuwa a jirgi, ko wurin hawa da sauka, ta ɗora wa kamfani. A ganina hakan bai wanke kamfani ba, tunda shi ya san inda za a sauka, shi kuma ya miƙa kofin. Gargaɗin da ake yi jirgi na gangarowa ya makara. Wurinsa shi ne kafin keke ya fito karo na farko, da kuma a jikin takardar jerin abin sha.