Yadda Na Ba Dayod ɗin Leza Iri a Hunturun Jos

Gutsuren da ke haifar da haske a cikin dayod ɗin leza, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki mai fitar da hasken leza, bai kai rabin milimita ba, amma in ka iya bi da shi zai ba ka bugun haske na 'yan gomomin fikosakan (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan). Hanya mafi araha ita ce ka riƙe wutarsa ƙasa kaɗan da inda yake kamawa, ka riƙa zaburarsa da gajeren bugun lantarki, ka yanke kafin hasken ya yi tsalle na biyu. Haka muka yi a ɗakin gwajinmu a Jos, da dayod irin na Fabry-Perot, wanda haske ke kai-komo tsakanin madubai biyu a cikinsa, mai zangon nanomita 1550 (zango shi ne tsawon igiyar haske, nanomita kuwa kashi ɗaya cikin biliyan na mita).

Abin da ya fito bai gamsar da ni ba. Hasken ya rarrabu zango-zango, tazarar kusan nanomita 1 tsakanin kowane da maƙwabcinsa, kuma bugun ba ya zuwa a kan lokaci, wani ya riga, wani ya makara. Dalili shi ne kowane bugu yana tasowa ne daga ɗan hasken da dayod ke fitarwa kara zube kafin ya kama. Wannan rarrabuwa ba ƙaramar illa ba ce, don a faiba ta yau da kullum, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, bambancin nanomita 1 yana jawo tazarar kusan fikosakan 17 a kowace kilomita. Tafiya kaɗan, bugun ya baje.

Maganin shi ne a ba dayod ɗin iri, wato ɗan hasken da bugun zai taso daga gare shi, kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama da wuri, ta kuma kama yadda ake so. Na ɗauko wata leza ta DFB, irin mai zango ɗaya tak, mai haske ba yankewa, na bi da haskenta ta sakuleta, na'urar da ke raba hanyar haske mai shiga da mai fita, zuwa cikin dayod ɗin. Tun wajen saye na nemi dayod ɗin da ba a haɗa masa aisoleta a ciki ba, don aikin aisoleta ke nan, tare duk hasken da ke son komawa ciki.

Zangon DFB yana gusawa da kusan nanomita 0.1 a kowane digiri na zafi, saboda haka da zafi na riƙa tura shi sannu a hankali. Ɗalibina na gaban allo. Can sai ya ce, "Malam, tsaya nan!" Zango ɗaya ya miƙe tsaye, sauran suka kwanta har suka gaza shi fiye da sau 1,000, hoton bugun da ke karkarwa a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugu a allo, ya natsu ya zama siririn layi. Na daɗe ban ji daɗin aiki irin na ranar ba.

Irin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, ma'aunin maikurowat. Da muka ƙara don gwaji, bugun ya yi ƙiba, kansa ya sauko, tsakanin bugu da bugu ma ya daina yin duhu sosai. Kuma sai an daidaita fuskar da hasken ke kaɗawa ta zo daidai da ta dayod, in ba haka ba irin ya shiga a banza. Da ka taɓa faiba wannan daidaito ya gushe, shi ya sa muka manne ta a tebur da salatif.

Mun gwada hanya ta biyu, wato dayod ya ba kansa iri. Ana haɗa shi da faiba mai zanen Bragg, wato jerin ƙananan zane a cikin faibar, wadda ke mayar masa da zango ɗaya tak. Nan lokaci ne komai: dole hasken da ya dawo ya iske wani bugun yana shirin tashi. Haske na cin kusan santimita 20 a nanosakan ɗaya cikin faiba, to maimakon yanke-yanken faibar, saurin bugun lantarkin muke murɗawa har su haɗu.

Amma abin da ya fi ba mu aiki garin ne da kansa. A Disamba sanyin safiyar Jos da ɗumin rana suna da nisa, kuma canjin digiri 10 ya isa ya gusar da zangon dayod da kusan nanomita 1, ya kuɓuce wa irin gaba ɗaya. Sai da muka ɗora shi a kan farantin Peltier mai riƙe zafi wuri ɗaya muka samu sauƙi. Ga ƙura. Cibiyar faiba maikuromita 9 ce kacal, ƙwayar ƙura ɗaya a bakin mahaɗi tana iya rage irin, ko ta mayar da hasken da ba a nema ba. Yanzu koren mahaɗi mai karkatar digiri 8 muke sawa, kuma ba mai haɗawa bai goge ba. Wutar dayod kuwa daga batir muke ba shi, don fizgar lantarki ɗaya in an dawo da wuta tana iya kashe shi.

A ganina, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba ya fara da hanya ta biyu, leza ɗaya ta ishe shi. Wanda zai riƙa canza saurin bugu kuwa, ya daure ya sayi leza ta biyu, don irinta kullum yana nan, ba ruwansa da tsawon faiba.