Agogo biyu a kan tikiti ɗaya

Ina cikin watana na farko a wani ƙaramin ofishin sayar da tikitin jirgi a Agege, wani dattijo mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ya shigo da takardar tafiyarsa ta Umara. Ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, duba mini, awa nawa zan yi a sama? Gwiwata ba ta son dogon zama."

Na duba: tashi daga Legas ƙarfe 10 na dare, sauka a Jidda 5:30 na asuba. Na ƙirga da yatsu, na ce, "Baba, awa bakwai da rabi." Nan take jikinsa ya yi sanyi.

Maigidana yana gefe yana shan shayi. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Da agogon wa ka yi lissafin?"

A ranar na san cewa lokacin tashi da na sauka da ke kan tikiti ba agogo ɗaya ba ne, kowanne na garinsa ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, saboda haka zaman Baba a jirgi wajen awa biyar da rabi ne, a tafiyar da ta ɗan haura kilomita 4,000. A dawowa kuma tikitin zai nuna kamar bai kai awa huɗu ba, alhali jirgin bai ƙara gudu ba. Landan ma tana da nata rikicin: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu, da sanyi ya shigo sai su koma baya da awa guda. Na ga ma'aikacin da ya shekara a wannan aiki yana tuntuɓe a kanta.

Amma inda na fi shan kunya shi ne Kano, wadda nake ganin na san ta kamar yunwar cikina. Tsakanin Legas da Kano kilomita 800 da 'yan kai ne a sama, a mota kuwa sai an kusa ko an haura 1,000. Jirgi yana yin ta cikin kamar awa ɗaya da rabi, kuma wannan lissafin ya haɗa har da jan jikin da yake yi a kan titin filin kafin ya ɗaga da bayan ya sauka. Haka na riƙa faɗa wa mutane, "awa ɗaya da rabi," ina jin na iya aiki. Sai da wata Hajiya ta taso daga Obalende, gosulo ya riƙe ta a kan gadar Third Mainland, ta iso filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja an riga an rufe karɓar kaya. Gadar ba ta cika kilomita 12 ba, amma ta ci mata lokacin da ya ishi jirgin ya kai Kano. Ta kira ni ta wanke ni tas, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ga hazo. Daga Disamba zuwa Janairu, idan buji ya rufe filin jirgin Malam Aminu Kano, jirgin safe na iya komawa na yamma, wani lokacin ma a soke shi. Wanda ke da ɗaurin aure ranar Asabar da hantsi, ba na sayar masa da jirgin safiyar ranar sai na roƙe shi ya tafi tun Juma'a.

Baba mai gwari kuwa ya dawo daga Umara da dabino da ɗan zamzam a gora. Maigidana ya ba wa, ni ya ce in je in ƙara koyon lissafi.